Na Je Badun Duba Ɓargon Jikana

Tun da na dawo daga Badun ƙofar ɗakina ba ta rabu da takalman mutane ba. Wannan ta shigo ta ce, "Iya Delu, sannu da hanya, yaya ƙasar Yarbawa?" In fara, kafin in kai gadar Jabba wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Har 'yan makaranta sun gano ni, sai an tashe su su zo su yi mini layi a gindin rumbu, wai in gaya musu abin da na gani a madubin likita. Bakina ya gaji. Shi ya sa na kira Malama Rifkatu, malamar firamaren nan tamu ta Kutemeshi, na ce ta zo da alƙalaminta. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba, don abin da na gani da idona ba ya ɓace mini. Ni zan faɗa, ita ta rubuta, mai tambaya kuma ya je wurinta.

Garba ne ya kai ni. Jikana ne, ɗan ɗana na fari. Ɗan fari ba a kama sunansa, don haka a nan Baban Garba zan riƙa ce masa. Shi Garba a ɗakina aka yaye shi, a bayana ya yi wayo. Tun yana ƙarami ba a yanka kaza a gidan nan ba ya tsugune a kai. Sauran yara suna jiran kai da ƙafa, shi kuwa tambaya yake yi, wannan mene ne, wannan me yake yi mata, me ya sa jinin ya daskare. Ya yi firamare, ya tafi Zariya, daga can aka ɗauke shi Badun, babban asibitin da ake koya wa yara aikin likita.

Ana nan sai Tanko mai shanu ya dawo daga kudu. Tanko ɗan ƙanen marigayi maigidana ne, shi ke raka shanu Badun a mota. Ya zo gaishe ni, ya zauna yana ta murza hula.

Na ce, "Tanko, faɗi abin da ke bakinka, hular nan ba ta yi maka laifi ba."

Ya ce, "Goggo, na je na ga Garba. Na tarar da shi da filasta a ƙirji. Na ce me ya same ka, ya yi dariya, ya ce wai ɓargonsa aka ɗiba. Sun huda ƙashin ƙirjin da allura sun zuƙe. Kuma wai shi ya ce a yi."

Da a ɗakina maganar ta tsaya da sauƙi. Amma Tanko ya riga ya faɗe ta a tasha, ya faɗe ta wurin mai shayi. Kafin la'asar garin nan ya ɗauka. Wasu suka ce haka ake shigar da yara ƙungiyar asiri a kudu. Wasu suka ce wanda aka zuƙe wa ɓargo ba ya haihuwa, wasu suka ce ba ya ganin damina biyu. Wata mata, ba zan kama sunanta ba don tana nan da ranta, har gaisuwa ta zo yi mini tana share ido da gefen zane.

Baban Garba kuwa a ƙofar masallaci abin ya same shi, gaban liman da dattawa. Ya miƙe ya ce, "Wallahi tallahi, idan ya tabbata an cire wa yaron nan ɓargo, ya gama karatu. Gida zai dawo ya riƙe fartanya." Mutum ne da ba ya yawan magana, kuma bai taɓa rantsuwa ya janye ba. Ya shigo gida ya fara neman jakarsa.

Na ce, "Ina za ka?"

Ya ce, "Inna, Badun."

Na ce, "Ba za ka ba. Kai in ka je ba tambaya za ka yi ba, wuyan rigarsa za ka kama. Ga dawa a gona tana jiran yanka. Ni zan je. Ni na san jikin yaron nan tun ba shi da haƙori. In an taɓa shi zan gane."

Ya ce, "Ke da ba ki taɓa wuce Tegina ba?"

Na ce, "To yanzu zan wuce."

Shirin da na yi shi ne wannan. Na ɗauki zumar dajin nan a kwalba, da man shanu, da daddawa, da kuka. Ranar kasuwar Birnin Gwari kuma na sa mahauci ya ware mini ƙasusuwan ƙafar wani bijimi mai ƙiba, na ƙyafe su a wuta, na jera a kwano mai murfi na ɗaure da tsumma. Tunanina shi ne, abin da aka cire, shi za a mayar. Tanko ya gani ya riƙe baki.

Ya ce, "Goggo, a Badun ma fa ana yanka shanu. Mu muke kai musu."

Na ce, "Na ga irin shanun da kuke kaiwa. Saniyar da ta sha wahalar hanya, fasa ƙashinta ka gani, ruwa ne tsululu. Wannan zan ba jikana?"



A Birnin Gwari muka hau motar shanun. Ni a gaba kusa da direba, Tanko a sama kan katako tare da yaran mota. Direban wani Bakano ne mai suna Isiyaku, bakinsa ba ya rufuwa. Da ya ji inda za ni sai ya ce, "Iya, a shekarunki za ki Badun? Ko miji kika samu a can?"

Na ce, "Miji nake da shi a can, kuma likita ne. Kai dai riƙe sitiyarinka."

Dajinmu ba sai na ba ku labarinsa ba, kun san shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda mota ke cinye shi. Inda muke wuni muna tafiya da ƙafa muna neman kaɗanya, sai ga shi ya wuce kafin in gama tauna goro. A wata gangara gwaggon biri suka tare hanya, babbansu ya zauna a tsakiyar kwalta yana kallonmu. Isiyaku ya yi ta hon, ko gezau. Na leƙa ta taga na daka masa tsawar da muke yi musu a gonar masara, ya tashi sumui-sumui ya shige daji. Daga nan Isiyaku ya daina ce mini Iya, ya koma Hajiya.

A Mokwa wata Bayarabiya ta shigo gaba ta matse ni. Sunanta Iya Sikira, fataucin busasshen kifi take yi. Ɗankwalinta kaɗai ya ci wurin mutum guda, duk sanda ta juya sai ya share mini fuska. Tana jin Hausa, sai dai takan mai da mace namiji, namiji mace. Ta ce da ni, "Baba, ina za ka?" Na yi shiru don na zaci da direba take. Da muka saba kuwa sai na ga mace ce mai kirki. Na gaya mata abin da ke tafe da ni, ta dafa ƙirji ta yi wata ƙara da yarensu, ta ce ita ma asibitin nan ta taɓa kwanciya, sun ɗebi jininta har sau nawa, ga ta nan ba abin da ya ragu. Na dube ta sama da ƙasa. Gaskiya ba abin da ya ragu. Amma na ce a raina, jini daban, ɓargo daban.

Sai Jabba. Nan ne ƙarshen ƙasarmu, in ka haye ka shiga ta wasu. Ban taɓa ganin ruwa kamar Kwara ba, kuma ban so in sake gani ba. Gadar ƙarfe ce, jirgin ƙasa da mota duk ita suke bi, in jirgi zai wuce sai motoci su tsaya su jira. Muka tarar da layi, shanu suna ta kuka a baya saboda zafi. Da yake ba a daɗe da gama yaƙi ba, sojoji ne a bakin gadar suna duba kaya. Wani dogo ya zo ya ce kowa ya sauko da nasa. Ya buɗe kifin Iya Sikira ya toshe hanci. Ya zo kan kwanona.

Ya ce, "Mama, mene ne a ciki?"

Na ce, "Magani."

Ya kwance tsumman, ya ɗaga murfi, ya ga ƙasusuwa baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa. Suka tsaya suna kallona, suna kallon kwanon.

Ya ce, "Ƙashin mene ne wannan? Ina za ki da shi?"

Na ce, "Asibiti."

Nan fa abin ya ƙara lalacewa. Tanko ya diro daga sama yana "ranka ya daɗe, ranka ya daɗe," ya kasa haɗa magana. Na ture shi gefe. Na ɗauki ƙashi ɗaya na juya wa sojan kofaton, na ce, "Ɗana, a garinku mutane suna da kofato?" Ɗan'uwan nasa ya fashe da dariya har bindigarsa tana kaɗawa. Na ji Hausar dogon irin ta mutanen kudancin Zariya ce, irin taki Malama, na tambaye shi garinsu, ya faɗa. Na ba shi labarin Garba a taƙaice. Ya rufe kwanon da hannunsa, ya ɗaure tsumman ya fi yadda na ɗaure, ya ce, "Mama, da kakata tana da rai da haka za ta yi mini. Allah ya sa ki same shi lafiya." Da muka hau gadar na rufe ido, na kama hannun Iya Sikira, ina salati tana nata, har muka sauka.

A Ilori na fara samun natsuwa, don na ji kiran salla daga ko'ina. Amma mutanen, in ka ga biyu sun haɗu sai ka ce dambe za a yi, murya sama, hannu sama. Iya Sikira ta ce gaisuwa ce. Kasuwa kuma duk mata ne, su ke saye su ke sayarwa, mazan ban san inda suke ɓuya ba. Ta ja ni rumfar abinci ta sa aka zubo mini wani tuwo baƙi mai sulɓi, na garin busasshiyar doya. Na ce ko ya ƙone ne, ta ce haka yake. Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na gane ta, lalo ne, lalon da ke fitowa a bayan gidanmu ba mai shuka shi. Sai dai sun zuba masa manja da barkonon da ya sa na yi ta hawaye kamar an aiko mini da rasuwa. Na ci dai, don ba na raina abincin wanda ya ba ni. A Ogbomosho ta sauka, ta cusa mini kifi a zane, ta ce, "Baba, ka gaishe da mijinka."

Badun kuwa ba gari ba ne, garuruwa ne aka zuba wuri ɗaya. Duk inda ka duba rufin kwano ne mai tsatsa, ya hau tudu ya gangara. Muka sauka a Sabo, unguwar Hausawa, gidan maigidan su Tanko da ke saukar da fataken shanu. Matarsa Hajiya Kande ta karɓe ni hannu biyu. A can aka haife ta, Hausarta ta ɗan karkace, kuma ko tuwon dawa ba ta iya tuƙawa da kyau ba, amma ta ba ni gadonta ta kwana a tabarma. Da asuba na roƙi murhu. Na fasa ƙasusuwan, na ɗora da daddawa da citta da kanumfari, na tsaya a kai har romon ya yi kauri mai ya taso. Na juye a kwano, na ɗora a ka, Tanko a gaba ina biye.

Asibitin bene ne kan bene. Aka nuna mana wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe, wai a shiga ya ɗaga mutum sama. Na ga mutane sun shiga, an rufe, da aka buɗe ba su. Na ce da Tanko ni da ƙafata zan hau. Na hau kuwa, romo ko ɗigo bai zuba ba.

A sama muka tarar da yara cikin fararen riguna, maza da mata, suna ta kai da kawo. Har da 'yan mata, Malama, ƙanana da su, da abin sauraron ƙirji a wuya. Tanko ya tare wani ya ce Garba muke nema, ga kakarsa daga Arewa. Yaron ya dube ni, sai kawai na ga ya zube ƙasa rub da ciki, ƙirjinsa a siminti.

Na ƙwala ihu. Na ce, "Wayyo Allah, ga wani ya faɗi! Shi ma sun zuƙe shi! Ku kawo ruwa!"

Mutane suka firfito. Yaron ya ɗago kai yana kallona a tsorace. Tanko ya ce, "Goggo, gaishe ki yake yi. Haka samarinsu ke gaida manya." Ashe abokin Garba ne, sunansa Tunde. Na ce ya tashi, Allah ya yi masa albarka, amma nan gaba ya riƙa yi wa baƙo bayani kafin ya faɗi.

Ihun nan ne ya fito da Garba. Ya tsaya a bakin wata ƙofa, baki buɗe.

Ya ce, "Tsohuwa! Ke ce ko aljanarki?"

Na ce, "Ni ce. Miji ya yi shekara bai leƙo ba, ba sai mata ta biyo sawu ba?"

Ya ce, "Ai na yi sabuwa a nan, mai haƙora."

Na ce, "Ta zo ta ga ko ta iya dafa abin da ke kaina."

Bakina yana wasa, amma idona yana aiki. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na ce a samo mana wurin zama. Ya kai ni wani ɗaki mai dogayen tebura da kwalabe, abokansa suka biyo mu suka tsaya a bango. Na sauke kwano, na ce ya zauna ya miƙe ƙafa, ya naɗe wando.

Marigayi maigidana ɗiban zuma yake yi a daji, kuma na sha bin sa. Itacen da ke da rai da wanda cikinsa ya zama kogo, daga waje duk ɗaya ne, sai ka ƙwanƙwasa. Mai kogo yakan amsa maka, mai ciki kuwa shiru yake, sautin ya mutu a wurin. Na cire zoben azurfata, na kama ƙwaurinsa na dama na ƙwanƙwasa, na kara kunne. Na koma na hagu. Na bi gwiwar hannu, na bi ƙashin wuya. Ba wanda ya yi dariya. Na ce ya buɗe riga. A tsakiyar ƙirjin ga ɗan tabo, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Na ƙwanƙwasa sama da tabon, na ƙwanƙwasa ƙasa da shi.

A cike yake. Ko'ina a cike yake.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Tun daga Kutemeshi ban yi kuka ba, sai a nan. Garba ya durƙusa ya riƙe ni, yana cewa, "Kaka, me aka gaya muku?" Tanko ya juya yana kallon taga.

Da na natsu na ce ya sha romon tukuna, magana daga baya. Ya sha, Tunde ya sha, 'yan matan ma suka karɓi cokali. Sannan ya ce, "Zo ki ga abin da aka ɗiba."

Ya ɗauko wani ɗan gilashi kamar faratan hannu biyu, da ɗan shafe mai launin shuni a kai. Ya ce ɓargon nasa ke nan, abin da aka zuƙa duka bai cika ƙaramin cokali ba, kuma sai da aka yi masa allurar kashe zafi. Ya sa gilashin a ƙarƙashin madubin likita, wani ƙarfe mai wuya kamar zalɓe, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Ya murɗa wani abu, sai ga su. Ƙwayoyi ne birjik, manya da ƙanana, wasu ja-ja wasu shuɗi, kamar an baza wake da gero da gujiya a faifai ɗaya.

Na ce, "Duk wannan a cikin ɗan shafen nan?"

Ya ce, "Duk. Kaka, jinin mutum tsufa yake yi ya mutu, kullum sai an yi sabo. A cikin ɓargo ake yin sa. Waɗannan da kike gani 'ya'ya ne, wasu jarirai wasu sun tasa. Amma akwai uwayensu, su ne iri. Guda ɗaya takan haifi jan jini, ta haifi farin da ke yaƙi da cuta, kuma ta haifi wata uwar irinta. Shi ya sa in an ɗiba yake cikowa."

Na ce, "Nuna mini uwar."

Ya sosa kai. Ya ce, "Ba mu iya nuna ta ba tukuna. Ba ta da yawa, kuma ta yi kama da 'ya'yanta. An dai gane tana nan ne daga aikinta. A ƙasashen waje an gwada a jikin ɓeraye, an ga ɓargon wani ya kama a jikin wani ya yi jini."

Na ce, "Wato ka bari an huda ka don neman abin da ba a gani."

Abokansa suka yi dariya, da ya fassara musu. Wata yarinya ta ce wani abu da Turanci, ya ce wai ta ce duk ajinsu abin da ke hana su barci ke nan.

Ana haka malaminsu ya shigo, wani dattijon Bayarabe mai furfura, ya gaishe ni da Hausa tsaf, ashe ya yi aiki a Arewa. Ya ce suna duba ɓargon yara marasa lafiya, to dole a sami na mai lafiya a gwada da shi, kuma ba a tilasta wa kowa ba, shi ma an ɗebi nasa. Na ce to a ɗebi nawa ni ma, in koma gida in ce na ji da jikina. Ya ce a'a, ba a huda ƙashin babba don labari. Sai dai ya sa aka tsaga mini ɗan yatsa, na ga jinina a madubin. Na tambaye shi yaya ya gan shi. Ya ce jini ne mai kyau. Na ce na sani.

Da aka watse na ce, "Garba, yaran nan da yawa. Me ya sa kai ka miƙa ƙirji?"

Ya ce, "Ladi."

Ladi ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Amosanin jini ya ɗauke ta tana 'yar shekara bakwai. In damina ta yi sanyi sai ta riƙa ihu tana cewa ƙashinta ake sara. Mun yi tsaga, mun yi turare, mun yi rubutu. Garba ne ke riƙe mata ƙafa. Tun da aka binne ta ba a sake kama sunanta a gidanmu ba, ubanta ba ya iya ji.

Ya ce, "Ciwon ba a ƙashin yake ba, Kaka, a irin jinin yake. Yanzu a waje an fara ɗibar ɓargon ɗan'uwa mai lafiya a dasa wa marar lafiya, kamar yadda kike dashen gero inda bai fito ba. Wani ya kama, wani bai kama ba."

Na ce, "Da an dasa mata naka, da ta tashi?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba a yi wa masu irin ciwonta ba tukuna, kuma aikin yana da haɗari. Wataƙila sai na tsufa. Wataƙila sai ɗalibaina. Amma in an zo yi, ina so a tarar da wani namu ya iya."

Nan na gaya masa rantsuwar ubansa, kalma da kalma. Fuskarsa ta canza. Ya san uban nasa.

Ya ce, "Kaka, ki ce ba a cire ba. Ki ce Tanko ne bai fahimta ba. Ai kin ƙwanƙwasa kin ji."

Na ce, "An cire ko ba a cire ba?"

Ya ce, "Ɗan kaɗan ne."

Na ce, "Ban yi wa ubanka ƙarya yana goye ba, ba zan fara da furfura ba."

Ya raka mu har Sabo. Na bar masa zuma da man shanu. Da mota za ta tashi ya ce, "In an ce in dawo, zan dawo. Amma ki sani ke kika dawo da ni." Wannan maganar ita na yi ta juyawa har gida. Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta, ko gadar ban lura mun haye ba.

Na iso Kutemeshi da hantsi. Ban shiga ɗaki ba, na aika a kira Baban Garba daga gona, a kira liman, a kira dattawan da aka yi rantsuwar a gabansu. Suka zauna a zaure, ni daga bakin ƙofar cikin gida.

Baban Garba ya ce, "Inna, an cire?"

Na ce, "An cire."

Zauren ya ɗauki salati. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To shi ke nan. Tanko zai koma ya taho da shi."

Na ce, "Ban gama ba." Na faɗa musu komai, yadda na faɗa miki yanzu. Na ce na ƙwanƙwasa da hannuna, a cike yake. Na nuna musu ɗan yatsana. Na faɗi maganar iri da dashe. Wani dattijo ya ce wannan zancen 'yan boko ne, na ce da idonka ka leƙa ko da nawa? Sannan na juya wajen ɗana, na kama sunan da ba a kamawa. Na ce, "Saboda Ladi ya yi. Ya ce in an zo yi wa 'ya'yan wasu, yana so a tarar ya iya."

Bai ɗago ba. Na ga yatsunsa suna tona ƙasar zauren.

Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Allah gafarta Malam, wanda ya rantse, sannan ya ga barin abin ya fi alheri, yaya zai yi?"

Liman ya ce, "Ya bar shi, ya yi kaffara. Ya ciyar da miskinai goma."

Baban Garba ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya nufi rumbu. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya tsaya, idonsa jawur.

Ya ce, "Inna, ɗora tukunya."